Baƙin da Na Kankare daga Kaskon Maiɗakina

Da bik, wato biro, nake rubuta wannan, ba da alƙalamin kara ba, kuma akwai dalili.

Shekara talatin da ɗoriya, duk tawadar da na yi rubutu da ita daga gindin kaskon maiɗakina ta fito. Kasko ne na baƙin ƙarfe, mai faɗi, mai kunnuwa biyu, ɗaya ya ɗan karkace. Na mahaifiyarta ne. Da shi tsohuwar ta yi sana'ar ƙosai a bakin tashar Tasawa har ƙafafunta suka gaza. Da ta rasu, Allah ya jiƙanta, aka zo rabon zannuwa da kwanoni, maiɗakina ta ce ita kaskon kaɗai take so. Tun daga nan, kowace Juma'a da hantsi sai ta ɗora shi a murhu, ta soya ƙosai, ta rarraba wa tsofaffin unguwa sadaka, Allah ya kai ladan kabarin uwarta. Ban taɓa ganin ta fasa ba, sai in ciwo ya kwantar da ita.

Ni rabona a bayan kaskon yake. Hayaƙin itace yana tara masa baƙi a gindi, mai laushi kamar kwalli. Ranar Asabar sai in kifa shi a bakin zaure, in kankaro baƙin da ɓawon kara cikin ƙoƙo, in jiƙa ƙaro, in dama, in tace da tsumma. Haka malamina ya koya mini, kuma ban sami tawadar da ta kama takarda kamarta ba. Maiɗakina ta saba. Iyakar abin da take cewa in ta ga na ɗauke shi ne, "Malam, bayan naka ne, cikin nawa." Ni kuma in ce to, ba tare da na taɓa tsayawa na tambaye ta dalili ba.

Daminar da abin ya faru, autarmu ta haihu na biyu a Mayahi, inda mijinta yake koyarwa a lakwal. Haihuwar ta zo da wuya, har sai da aka yi mata ɗinki a likita, saboda haka uwarta ta shirya za ta zauna da ita har a yi arba'in. Kafin ta fita ta shafe kaskon da man gyaɗa, ta rataye shi a ɗakin girki. Sadakar Juma'a ta bar wa matar ɗanmu, wadda suke zaune a sashen bayan gidan, ta ce ta riƙa yi a nata kaskon. Na je suna, na dawo ni kaɗai.

Gida ya yi shiru. Tuwo yana zuwa mini daga sashen surukata safe da yamma, babu abin da na rasa, amma zama ya ƙi ni. Sai na janyo gafaka na fito da takardun malamina, waƙoƙin wa'azi da ya rubuta da hannunsa cikin ajami, waɗanda gara ta fara ci daga gefe. Na daɗe ina cewa zan kwafe su. Na ƙudurta zan gama kafin maiɗakina ta dawo.

Ina tsakiyar aikin tawada ta ƙare.

Na sauko da kaskon, na kankare bayansa har ƙarfe ya fito, abin da na samu bai rufe gindin ƙoƙo ba. Ba a hura masa wuta, ina baƙi zai fito? Surukata kuwa a kan gaz take girki, tukwanenta farare tas, kuma ko da suna da baƙi, ban ga bakin da zan aika wa matar ɗana cewa ta ba ni gindin tukunyarta ba. Da na yi haƙuri, da na nemi itacen aduwa na ƙona na yi tawada da gawayinsa kamar yadda kowa yake yi. Amma itace duk a jiƙe yake, ni kuma hannuna ya riga ya ɗumi da rubutu.

Sai na juya kaskon na duba cikinsa.

Baƙi ne wuluk, mai kauri, yana sheƙi. Na sa farce na ɗan karta, ya ɓantaro kamar ɓawon itace. Maganar maiɗakina ta zo mini, ban ce ba ta zo ba. Amma na ce a raina, ai tsoron a ɓata mata man da ta shafa take yi, kuma shekara nawa rabon wannan abu da wanki na gaskiya? Na ga riba biyu a gabana: in sami tawada, ita kuma ta dawo ta tarar da kaskon uwarta yana ƙyalli. Na ɗauko wuƙar da nake fiƙe alƙalami da ita. Daga azahar har la'asar ina kai. Da wuƙa ta gama nata, na bi da rairayi da toka, na wanke sau uku kamar yadda ake wanke allo, na jingine shi a bango kamar yadda ake jingine allo ya bushe. Ya fito fari-fari, launin toka. Har na ja da baya na tsaya ina kallonsa ina jin daɗi. Ina masallaci hadari ya taso, ruwa ya sauka a kansa. Da na dawo na ɗauke shi a jiƙe na mayar da shi maratayarsa.

Tawadar ta fara tona mini asiri. Na dama, na dama, ta ƙi haɗuwa, maiƙo yana yawo a sama. Na gwada a takarda, baƙaƙen suka baje, gefensu ya yi shara-shara kamar takardar da aka naɗe tsire. Ƙanshin ƙosai ya cika zaure. Washegari na tarar da kiyashi sun yi layi a kan baitin da malamina yake tsoratar da mutane game da kwanciyar kabari. Shafi uku na yi asara. Sai a lokacin na gane cewa baƙin ciki da na baya ba abu ɗaya ba ne: na baya hayaƙi ne, na ciki mai ne da wuta ta gasa a jikin ƙarfen shekara da shekaru, tun daga hannun tsohuwar.

Bayan kwana uku na leƙa ɗakin girki. Kaskon ya yi ja. Ba ɗigo-ɗigo ba, gaba ɗayansa, kamar an barbaɗa masa jar ƙasa. Na shafa, tsatsa ta biyo yatsana.

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya na daɗe ba. In na ɗauki takarda, sai in ajiye in je in duba shi. In goge shi da rairayi da hantsi, ya yi haske, kafin gari ya sake wayewa jan ya dawo, ya fi na jiya. Ban san cewa kowace gugar tana ƙara cinye ƙarfen ba. A salla nake ɓata lissafin raka'a, ni da nake gyara wa mutane nasu, har na koma kullum sai na yi sujadar rafkanwa. Na ƙirga kwanakin da suka rage a yi arba'in: goma sha takwas. Na sake ƙirgawa, ko za su ƙaru.

Ranar Alhamis maiɗakina ta kira ni a salular mijin ɗiyarmu. Ta tambayi gona, ta tambayi awaki, ta ce in tuna wa yarinyar nan ta jiƙa wake da wuri. Har za ta kashe sai ta ce, "Kaskona fa? Yana nan a rataye?"

Na ce, "Yana nan a rataye."

A rataye yake. Ban faɗi abin da ba shi ba ne. Amma na sauke salular ina sane da abin da ta tambaya, kuma na san abin da na amsa.

Sai wata dabara ta zo mini: tun da mai da wuta ne suka yi baƙin, mai da wuta za su mayar da shi. Lokacin ƙwan zabi ne. Na saya wajen wata Bafulatana, na hura murhu, abin da rabona da yi tun ina yawon karatu. Na zuba mai, na fasa ƙwai. Ya manne. Na sa cokali na kankaro, ya fito launin tubali, da ɗigon baƙi a jiki. Na ce bismillah na ci, don abinci ba abin zubarwa ba ne. Ɗanɗanonsa kamar jinin da yake cika baki in an cire haƙori. Kuma duk lokacin suyar, wuta tana ta tashi daga ƙarƙashi tana cewa fuu, tana lasar gefen kaskon. Na ɗauka itacen ne.

Kwana uku na yi ina wannan suya. A na ukun surukata ta ga hayaƙi, ta zo bakin ƙofa ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, ko tuwon ne ba ya isa? In ƙara?"

"Yana isa, ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Magani nake haɗawa."

Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tafi. Ni kuwa na zauna a kan turmi. Wannan karon babu inda zan ɓuya, ƙarya ce tsagwaronta, daga bakin mai furfura zuwa kunnen yarinyar da take durƙusa masa.

Ranar kasuwa na sa kaskon cikin buhu na nufi rumfar maƙera. Akwai wani maƙeri sa'ana, tare muka fara allo, shi ya gudu tun muna ƙananan surori ya koma wajen zuga-zugin ubansa, kuma tun daga lokacin ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ya buɗe buhun, ya duba, ya dube ni.

"La ilaha illallahu. Wane maƙiyin Allah ne ya wanke wannan?"

Na kawar da kai ina duban garwashinsa.

"Kai ne? Alaramma da kansa?" Ya yi dariya har da tari. "Ka ɗauka allo ne? Ko rubutun sha za ka ba unguwa? Ni da na gudu daga makaranta ban taɓa jahilci irin wannan ba."

Na ce, "Ka gama, sannan ka gaya mini ko zai gyaru."

Ya daina dariyar. Ya rataya kaskon a yatsa ta kunne ɗaya, ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya kara kunnensa. Ya ce tsatsa ba ita ce mutuwar kasko ba. In a sama ta tsaya, a goge ta sau ɗaya, a busar a kan wuta nan take, a shafa mai, a ƙona, a sake shafawa, a ƙona, sai ya koma aiki, jikoki ma su gada. Abin dubawa shi ne abin da ta bari a ƙasa. Ƙarfe mai rai in an buga shi yana amsawa da tsawo. Wannan kuwa, ya sake bugawa, ka ji, kamar an bugi ƙwarya mai tsaga.

Sai ya fita daga rumfar, ya ɗaga shi sama ya tare rana da shi, ya ce in zo in tsaya a ƙarƙashi. Na zo. A tsakiyar duhun ƙarfen na ga haske uku, ƙanana kamar hujin allura.

"Ka gani? Nan man yake bi yana zuba a wuta. In kasko ya fara nuna maka rana, ya gama. Ko na liƙe nan, gobe can zai buɗe, duk gindin ya zama ganye. Kuma ga ragowar ƙwai nan a jikinsa, kada ka ƙara cin abin da aka soya a ciki, ba yaro ba ne kai. Baƙin nan da ka cire, shi yake riƙe da shi."

Na ce na uwarta ne. Ya ce ya sani, ya ci ƙosan tsohuwar a tasha fiye da yadda na ci. Ya yi ɗan tunani, sannan ya rage murya.

"Ina da sabo daidai girmansa. In cire kunnuwan wannan in dasa a wancan. In ƙona masa mai kwana uku, ya yi baƙi. In ta dawo ta gan shi a rataye, da kunnensa a karkace, mi za ta ce? Ko ta ji suya ta canza, sai ta ce daɗewa ne bai ga wuta ba."

Allah ya sani, na ce masa ya yi. Ya ɗora kaskon a kan uwar maƙera, ya saita ƙarfen yanka a gindin karkataccen kunnen, ya ɗaga guduma. Ina kallon kunnen nan. Shi take kamawa da bakin zanenta in za ta sauke. Sai na hango Juma'ar da za ta zo, da wadda za ta biyo, ita tana tsugune tana suya tana yi wa uwarta addu'a a kan kaskon da uwarta ba ta taɓa taɓawa ba, ni kuma ina zaure ana kawo mini nawa ƙosan ina ci. Kowace Juma'a, har ɗayanmu ya mutu.

Na ce, "Tsaya."

"Yanzu kuma mi?"

"Mayar mini da shi cikin buhu."

Ya mayar, yana girgiza kai. "To, Allah ya ba ka sa'a. In ta kore ka, akwai wuri a bakin zuga-zugi."

Ban iya jiran arba'in ba. Washegari na shiga motar Mayahi da buhun a kan cinyata. Ruwa ya ɓata hanya, sau biyu muka sauka aka tura. Wata tsohuwa da ke gefena ta taɓa buhun ta ji ƙarfe, ta ce, "Malam ya koma sana'ar ƙosai ne?" Mota ta yi dariya. Ni ina ta shirya maganar da zan faɗa, in gina ta in rushe. Na shirya wadda ta fara da takardun malamina, na ga kamar ina jingina laifina ga mamaci. Na shirya wadda ta fara da damina. Muka isa ban tsayar da ko ɗaya ba.

Da la'asar na yi sallama. Maiɗakina ta fito da sauri, hannunta da kumfar wanki.

"Malam! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu."

Na tsuguna a tsakar gidan na buɗe buhun. Na ce, "Ni na kankare cikin. Tawada nake nema. Kin hana ni, na yi. Kuma ranar da kika tambaye ni, ya riga ya lalace."

Ta goge hannunta a zane, ta ɗauke shi ta kunnuwa biyu, ta juya wajen da rana take, ta ɗaga. Babu wanda ya koya mata. Ta daɗe a haka. Sannan ta sauke, ta ɗora yatsa a wuri ɗaya ba tare da ta nema ba.

"Wannan na san da shi. Shekara uku ke nan. Baƙin ya toshe shi, ni kuma ba na sa matsami a wajen, kuma ba na barin ruwa ya taɓa shi." Ta matsar da yatsan. "Waɗannan biyun naka ne."

Na ce nawa ne.

"Ka ɗauka ban san ya tsufa ba? Na sani. Sau nawa na tsaya a rumfar maƙera na wuce. Na san zai mutu, Malam. So nake ya mutu a hannuna."

Daga cikin ɗaki ɗiyarmu ta ɗaga murya. "Inna, wai Baba ne ya wanke kaskon kaka?" Ta fashe da dariya, sai kuma ta ce wayyo, ɗinkinta. Uwarta ta ce, "Ke, rufe mana baki, ki ji da kanki." Ta shige ciki da kaskon. Ranar ba ta sake yi mini magana ba. An kawo mini tuwo a zauren surukina, da miya mai kyau, ta hannun maƙwabciya.

Da safe na shiga ganin jaririn. A tsakiyar ɗakin mai jego ga kaskon nan, cike da garwashi, an ɗora shi a kan duwatsu uku yana ɗumama ɗakin. Ta ce da ɗiyarta, ba da ni ba, wai ya fi na ƙasa riƙe wuta, iska tana shiga ta ƙasa.

Na kwana biyu har kasuwar Mayahi ta ci. Ta sa mayafi ta fita, na bi ta a baya. A rumfar maƙera ta ɗaga kasko ya kai bakwai. Kowanne ta auna nauyinsa a hannu, ta ƙwanƙwasa da zobenta, ta tare rana da shi. Mai rumfar ya ce, "Hajiya, sababbi ne fa." Ta ce, "Na ga sabo mai huji." Da ta zaɓa na miƙa hannu zan ɗauka. Ta ɗora shi a kanta.

Bayan arba'in ta dawo Tasawa da duka biyun. Tsohon yana ƙarƙashin gadonta, tana fito da shi ta zuba garwashi in za ta yi turare. Sabon kuwa ya ba ta wuya. Ta ƙona masa mai, ta soya albasa ta zubar, ta sake. Juma'ar farko ƙosan ya manne, ya fito a farfashe. Ta tsaya tana kallonsa a cikin kwano, na ɗauka za ta fasa. Ta rufe, ta aika a haka. Wata tsohuwa ta aiko da godiya, da tambayar ko hannu aka canza. Sai da aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, sannan ya fara sakin ƙosai lafiya. Ta ce har yanzu ɗanɗanon bai kai ba. Ni ban jin bambanci, amma ban faɗa ba.

Surukata kuwa, na kira ta na gaya mata cewa ba magani nake haɗawa ba ranar. Ta ce, "Na sani, Baba, ƙanshin ƙwai ya zo har sashenmu."

Asabar ta farko da na ga hayaƙi ya fara kama gindin sabon, na tsaya a bakin ɗakin girki. Maiɗakina ko juyowa ba ta yi ba.

"Yanzu bayan ma nawa ne."

Waƙoƙin malamina da bik na ƙarasa su. Rabin farko baƙi ne mai kauri, rabin ƙarshe shuɗi siriri, duk wanda ya buɗe sai ya tambaya. Damina biyu ke nan. Baƙin ya taru sosai a bayan kaskon, ina ganinsa kullum in zan wuce wajen randa, mai laushi, har yana zubowa da kansa. Ƙaro yana nan a cikin kurtu, na ma sake sayen wani. Jiya na shirya maganar da zan yi mata, na je har bakin ƙofa, na tarar tana shafa masa mai da tsumma a hankali. Na ɗebi ruwan alwala na wuce.